Yadda za ka toshe ƙofofin da ake bi a ƙwace maka WhatsApp da Facebook

Watan da ya wuce aka ƙwace WhatsApp ɗin goggona, kuma wallahi ba wani kutse na ƙwararru aka yi mata ba, kira ɗaya ne kawai. Wata ta bugo da sallamarta da ladabinta, ta ambaci sunanta daidai, ta ce ai daga guruf ɗin matan Islamiyya ne za a yi taro ta waya da daddare, an turo mata lambar shiga ta karanto a sa sunanta. Goggo ta duba ta ga saƙo mai lamba 6 ta karanto. Kafin la'asar an bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya da sunanta da hotonta wai a taimaka mata da dubu 20 zuwa gobe banki ya riƙe mata kuɗi, kuma mutum 2 sun tura, don wa zai ga Goggo ta roƙa ya tsaya bincike.

To bari in fara daga wannan lambar. WhatsApp ba ya aiki da faswod irin na Facebook, lambar wayarka ita ce akawun ɗinka, duk wanda ya sa lambarka a wayarsa sai kamfanin ya turo lamba 6 zuwa layinka don ya tabbatar kai ne, in ka karanta wa wani ka miƙa masa makullin ɗaki ne da hannunka. Babu taro, babu tallafin gwamnati, babu guruf ɗin tsofaffin ɗalibai ko na masallaci da ke buƙatar wannan lamba. Ko da muryar wanda ka sani ce, ko saƙon daga lambar amininka ya zo, kar ka bayar, don wataƙila shi ma an riga an ƙwace nasa ne ake farautar na kusa da shi.

Abu na biyu kuma shi ne wanda na fi so ka yi yanzu kafin ka gama karanta wannan. Shiga setin na WhatsApp, ka taɓa akawun, za ka ga wajen tabbatarwa ta mataki biyu, ka kunna ka sa wasu lambobi 6 naka na kanka. Amfaninsa ko an yaudare ka ka ba da waccan lambar ta saƙo, ɓarawon zai tarar da ƙofa ta biyu a kulle. Amma don Allah ban da 123456, ban da ranar haihuwa, ban da ƙarshen lambar wayarka. Ka haɗa da imel ɗin da kake iya buɗewa saboda ranar mantuwa. Daga nan ka leƙa wajen na'urorin da aka haɗa, in ka ga wata kwamfuta ko waya da ba ka sani ba ka fitar da ita nan take, da yawa ta nan ake karanta hirar mutum, wani ya ari wayarka minti 2 da sunan zai yi kira ya haɗa ta da tasa, kai kana ta hira shi yana gani.

In kuma aikin gama ya gama an riga an ƙwace, kar ka tsaya kuka. Ka sake shiga WhatsApp da lambarka, za a turo maka sabuwar lamba 6 tunda layin yana hannunka, kana sawa za a fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa nasa makullin na mataki biyu to sai ka jira kwana 7 kafin ka shiga ba tare da shi ba, amma shi dai an kore shi tun lokacin da ka sa lambar. A tsakanin nan ka bi mutanenka da kira na baki, ka sa wani ya sanar a duk guruf ɗin da kake cewa kar kowa ya tura kuɗi.

Yanzu maganar layi, wadda ni a ganina ta fi komai kuma ita aka fi sakaci da ita. Mu kan kulle fuskar waya da zane ko ɗan yatsa mu ɗauka mun gama, alhali mai ƙwacen waya ba ruwansa da wannan, zare sim zai yi ya sa a ƙaramar waya. A Najeriya da layinka kaɗai ana iya danna *565*0# a ga BVN ɗinka, saƙon banki ta nan yake zuwa, lambar canza faswod ɗin Facebook ta nan take zuwa, ta WhatsApp ma haka, ka ga ke nan wanda ya riƙe layinka ya riƙe rabin rayuwarka. Maganin kuwa kyauta ne, ka sa wa sim ɗin kansa makulli. Yana cikin setin na waya ɓangaren tsaro, wajen kulle sim, in ka kunna duk wayar da aka sa shi sai ta nemi lambar sirri kafin ya kawo sabis. Sai dai a kula, in ka yi kuskure sau 3 zai rufe ya nemi PUK, wannan lambar da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, ita kuma in aka yi kuskurenta sau 10 layin ya mutu sai ka je ofis. Saboda haka kar ka yi ta cinke, ka nemo katin ko ka kira kamfanin layinka su faɗa maka lambar farko sannan ka canza ta.

Kuma in za ka kai waya wajen mai caji ko mai gyara ka cire sim da memori ka tafi da abinka. Ba zargin kowa nake ba, akwai masu amana sosai a cikinsu, amma shago hannu da yawa ne ke shiga. Haka tsohon layin da ka yar, in ya daɗe ba a amfani da shi kamfani sake sayar da shi yake, wanda ya saya kuma zai iya tarar da Facebook ɗinka da bankinka a maƙale, don haka kafin ka bar layi ka cire shi daga ko'ina.

Na daɗe ina tunanin ta ina matar nan ta san sunan Goggo da Islamiyyarsu, amsar ita ce guruf. Sun fara ƙwace na mutum ɗaya a ciki, daga nan duk lambobi da sunaye da hotuna suna gabansu. Shi ya sa a ɓangaren sirri na setin ka mayar da hoton fuska da sitatus da lokacin da aka gan ka ƙarshe zuwa waɗanda ke cikin lambobinka kawai, ka kuma hana baƙo jefa ka guruf ba izini. A Facebook ka ɓoye lambar waya da ranar haihuwa da jerin abokai. A 2021 an watsa bayanan masu Facebook miliyan 533 daga ƙasashe 106 a intanet kyauta har da lambobin waya, to wanda ya kira ka ya faɗi cikakken sunanka ba hujja ba ce cewa ya san ka.

Sai abin da mu da kanmu muke ɗorawa, nan kam ba setin da zai cece ka. Mutum zai kama hanyar Abuja zuwa Kaduna ko Gusau ya rubuta ga mu a hanya a sa mu a addu'a har da hoton cikin mota, a wannan zamani na masu garkuwa da mutane. Addu'a muna so, amma ka kira mahaifiyarka ta yi maka, hoton ka bari sai ka sauka ko ma ka dawo. An yi sabuwar mota an ɗora da lambarta a fili, an tare a sabon gida an ɗauko get da layin unguwa, yara sun sa yunifom an ɗora da bajen makaranta ana gani, wanda ke neman ka ai ka gama masa aiki, ya san gidan ya san motar ya san inda yaran suke wuni. Haka masu ɗora fasfo da biza da tikitin jirgi lokacin Umara, da masu ɗora takardar NIN ko sakamakon JAMB don murna. In dole sai ka nuna, ka rufe lambobin da duk wani zanen da ake sikanin.

'Yan'uwana mata, da samari ma, hoton da ba za ki so Baba ya gani ba kar ki tura wa kowa, ko an sa rana, ko ya rantse da abin da zai kashe shi. Hoton nan da ake gani sau ɗaya ya ɓace ɗin ma ana ɗaukarsa da wata wayar. A Yulin 2024 kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp da Instagram ya ce ya rufe akawun kusan dubu 63 na Instagram a Najeriya na masu karɓar hotunan tsiraici su dawo suna barazana a ba su kuɗi, sana'a ce suka mayar da ita. In har ya faru ana miki barazana, kar ki biya don in kika biya gobe ma za su dawo, kar ki goge hirar, ki ɗauki hoton allo na komai da lambar da akawun ɗin da suka ce a tura kuɗi, ki faɗa wa babba ɗaya da kika yarda da shi ko yaya nauyin zai kasance, a kai wa 'yan sanda. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta wannan, mai barazanar shi ne mai laifi. Iyaye kuma in yarinya ta kawo muku irin wannan ku fara da rufa mata asiri, faɗa ya biyo baya, tsoron gida ne ke sa su yi shiru har abin ya lalace.

Sauran a taƙaice. Duk link ɗin da ya ce ka ci data kyauta ko ka cike fom na tallafi sannan ya nemi faswod ɗin Facebook, rufe shi. GB WhatsApp da ire-irensa ba na kamfanin ba ne, ba ka san hannun da saƙonka ke bi ba kuma ana iya rufe maka lamba saboda shi. Manhajar bashi da ta nemi shiga lambobin wayarka da hotunanka ka hana ta, da su suke tozarta mutum wajen surukansa ranar da ya makara. Faswod ɗaya kar ya zama na Facebook da imel da banki gaba ɗaya.

Ita Goggo mun dawo mata da nata a ranar da daddare, kuɗin mutum biyun nan dai ba su dawo ba. Da na je gida ranar Juma'a sai na karɓi wayar Mama da ta Baba da ta ƙannena na bi su ɗaya bayan ɗaya na sa musu makullin mataki biyu da na sim, na rubuta lambobin a takarda Mama ta adana a cikin akwatinta, duka bai ɗauke ni awa ɗaya ba.