Yadda za ka gane ko haƙar yashi ta kashe ƙwarin kogi

Ni ɗan masunta ne daga wajen Wudil, kuma tun da tifofi suka yawaita a bakin koginmu nake jin ana cewa kurungu ya yi ƙaranci. Kurungu a gindin ruwa yake kiwo, tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi ne abincinsa. Saboda haka nake cewa kafin a tsaya ƙirga kifi, a fara duba abin da kifin ke ci. Kowa zai iya wannan aiki.

Ka nemi tsohon gidan sauro ka yanka, ka ɗinka shi a jikin zoben ƙarfe kamar koma, ka sa masa mariƙi. Ka haɗa da farar roba mai faɗi, da cokali, da takalmin roba dogo. Takalmin nan kada ka raina shi, domin wasu dodon koɗin ne ke ɗauke da tsargiya. Ka bari sai bayan damina, ruwa ya ja.

Zaɓen wuri ne rabin aikin. Kana buƙatar wuri uku: sama da inda ake haƙa, gefen ramin, da ƙasa da shi. Na saman ka yi nisa sosai, saboda rami yakan riƙa cin gindin kogi yana hawa sama. Su yi kama da juna a zurfi da gudun ruwa, kuma kada wata magudanar ƙazanta ta shigo tsakaninsu. A kogi irin Challawa, inda ruwan masana'antun jima ke kwarara, idan ba ka kula ba sai ka ɗora wa yashi laifin da ba nasa ba.

Ka tsaya a ruwa iya gwiwa, ka dasa komar a ƙasa bakinta na fuskantar inda ruwan ke fitowa. Ka riƙa tona gindin da ƙafa a gabanta, ruwa ya kwaso abin da ya tashi. Minti 3 a kowane wuri, kamar yadda masu binciken ruwa a Ingila ke yi. Tsakiyar yashi ba ta cika tara halittu ba, don haka ka bi ta tsakuwa da saiwoyi da ciyawar gefe. Sai ka juye a robar da ɗan ruwa, ka jira ya kwanta.

Nan ne nake daɗewa. Da farko za ka ga kamar shara ce kawai, can sai wani ɗan tsinke ya fara tafiya. Ka ɗago shi da cokali: tsutsa ce ta manna ƙwayoyin yashi ta gina wa kanta gida. Akwai wani ɗan ƙwaro mai jela uku, da wasu filafilai a gefen cikinsa suna kaɗawa, da su yake numfashi. Waɗannan biyun ba sa jure lakar da haƙar yashi ke tayarwa. Ita ke toshe musu numfashi, ta cike ƴan ramukan da ke tsakanin tsakuwa inda suke ɓuya, ta rufe gansakukar da wasunsu ke ci. Za ka iya samun ɗan mazari ma, da kaguwa, da makankari mai tace ruwa, wanda ba ya iya gudu idan injin zuƙo yashi ya iso kansa.

Idan a ƙasa da ramin ba ka samu komai ba sai jajayen tsutsotsi masu mutsu-mutsu da matsattsaku, alhali a sama ka ƙirga iri-iri, to wurin ya sha wuya. Jar tsutsar nan tana iya zama a taɓon da iska ta yi ƙaranci, shi ya sa take cika ramukan da ruwa ya kwanta. Yawan iri za ka rubuta, ba yawan kawuna kaɗai ba.

Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 duniya na cin tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa duk shekara, kuma ni ma da bulo na gina ɗakina, ban ce a daina gini ba. Abin da ke ci mini rai shi ne a kwashe kogi daga gaɓa zuwa gaɓa, ba a bar ko yanki ɗaya da ƙwarin za su sake yaɗuwa daga gare shi ba. Ka ɗauki hoton robar uku, ka mayar da halittun cikin ruwa, ka maimaita bayan wata 3. Sannan ka kai wa sarkin ruwa da mai gari hotunan su gani da idonsu.