Yadda ake haɗa zaman tarihin dangi ba tare da an tashi baram-baram ba

Tun bayan rasuwar kakarmu muka fara wannan zama a nan Jos, duk bayan wata biyu, mu 'yan gida ɗaya da wasu maƙwabta daga Gangare da Dilimi masu son sanin daga ina kakanninsu suka taso. Na ga gidaje da dama sun kwaikwaya, zama ɗaya biyu sai ka ji shiru.

Da farko kar ka soma da babban taro. Mutane sai su buɗe guruf a WhatsApp, a yi karo-karo a kafa rumfa a jera kujeru a sayo lemo, a zaunar da dattawa a gaba a miƙa musu lasifika, wallahi asarar kuɗi ce kawai. Dattijo a gaban jama'a abin da zai ce shi ne mu asalinmu malamai ne daga Kano, shi kenan kowa ya gyaɗa kai a watse. Mutum shida ko bakwai a zaure sun isa, a raba aiki, wane ya je wurin wance.

Aikin gaskiya yana ɗakin tsofaffin mata. Ka je kai kaɗai ko da ƙanwarka, bayan la'asar, da goro da ɗan sabulu, ka nemi izini kafin ka danna rikodin. Ka sa wayar a yanayin jirgi, don kira ɗaya zai katse maka hirar awa guda.

To ga inda ni na sha ƙasa. Alkunya. Goggo ba za ta taɓa furta sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukinta, sai dai ka ji Malam, ko mai gidan nan, ko yaron nan, kuma duk wanda ya ci sunan ɗayansu shi ma ya koma Abba ko Mai Sunan Malam. Ni kuma ina ta rubutawa kamar magatakarda. Da na zo haɗa bishiyar zuriya, wato zanen da ke nuna wa ya haifi wa, sai ga kakan babanmu ya fito sau uku, sau ɗaya da sunan yanka, sau ɗaya da sunan ranar da aka haife shi, sau ɗaya da laƙabin da aka sa masa a filin kuza, har na raba wa mutum uku 'ya'yansa. Wata huɗu ina yawo da wannan shirmen kafin wani baffanmu ya duba ya yi ta dariya. Saboda haka kowane mutum ka ware masa shafi guda, ka rubuta sunan yanka, laƙabi, sunan da ake kiransa a gida, da sunan uwarsa, don a gidan mata huɗu uwa ce ke bambance takwarori. In Goggo ta kai sunan da ba ta faɗa kar ka matsa mata, rashin kunya ne, ka ce "Goggo wa zan tambaya?" ita da kanta za ta tura ka wurin ƙanwar mijin. Ka kuma riƙa tambayar haihuwa ce ko riƙo, da wa ya sha nonon wa, wannan na ƙarshen har maganar aure yana shafa.

Shekara kuwa kar ma ka tambaya. Ka ce an haife shi kafin zuwan Sarauniya ko bayan nan, wato 1956, ko kafin a kashe Sardauna a 1966, canjin hannu na 1972, canjin kuɗi zuwa naira 1973. In aka ce kakanku diban gwamna, wato aikin tilas na Turawa, ne ya kawo shi haƙar kuza, to lokacin yaƙin Hitila ne, tsakanin 1942 da 1944. In an ce ƙaramin jirgin ƙasa ya hawo daga Zariya, bayan 1914 ne kuma kafin 1957 da aka rufe layin.

Sai takardu. Rasit ɗin haraji, katin aikin kamfanin kuza, takardar gida, tsohon fasfo na hajji, da ajamin da malamai ke rubuta ranar haihuwa a bayan littattafansu. Da yawa sun ƙone a rikicin 2001 da 2008 da 2010, don haka abin da ya tsira ka ɗauki hotonsa nan take ka mayar wa mai shi, kar ka ce za ka kai fotokwafi ka dawo. Mai hali ya je Kaduna gidan adana takardu na ƙasa, akwai fayilolin lardin Filato na zamanin Turawa, amma ka sani an fi samun sunan sarakuna da masu unguwa da kamfanoni, lebura da wuya.

Daga nan ka zana bishiyar a kwali da fensir, ban yarda da biro ba, ka kira zaman ka karanta a gyara. Doka ɗaya tun kafin addu'ar buɗewa, ba maganar gado, ba maganar wane bawan wane ne. Rikodin ɗin a tura wa mutum uku daban-daban, kuma kafin a tashi a sa ranar zuwa wurin tsohuwa ta gaba, a fara da wadda ta fi jin jiki.