Kurakuran da Aka Fi Yi a Tambayoyin Auna Hujja kan Ɓangarancin Siyasa

A jarrabawar GMAT (ta neman shiga karatun babban digiri a fannin kasuwanci) da LSAT (ta neman shiga makarantar koyon aikin lauya) akan ba ɗalibi gajeriyar hujja da zaɓi biyar, a ce ya nemo wanda ke ƙarfafa ta, ko raunana ta, ko zaton da aka gina ta a kai. Sashen harshe na GMAT tambayoyi 23 ne cikin minti 45, wato kowace ba ta kai minti biyu ba. Da zarar batun ya taɓa siyasa, har haziƙai sukan zame.

Babban kuskure shi ne shiga da ra'ayinka. A ce an rubuta: "Wata jarida ta soki jam'iyya mai mulki ninki biyu na yadda ta soki 'yan adawa, don haka tana nuna ɓangaranci." Wanda dama yake jin haushin jaridu zai gyaɗa kai ya wuce. Amma mai mulki shi ke riƙe da kasafin kuɗi, shi ke naɗa ministoci, shi ke ba da kwangila. Dole abin suka ya fi yawa a wajensa. Ƙidayar labarai ba ta nuna karkata sai an san abin da kowane ɓangare ya aikata, kuma zaɓin da ya taɓo wannan giɓin shi ne amsa, ko da zuciyarka ba ta so.

Wasu kuma sukan kama mai magana su bar maganar. An ce marubucin ɗan jam'iyya ne, sai su yanke cewa hujjarsa ta faɗi. Ɗan jam'iyya ma yana iya faɗin gaskiya. Dalilansa za a auna.

Wanda ya fi damuna shi ne na "kowa na kuka da mu." Gidan talabijin ya ce ɓangarorin biyu duk suna ƙorafi, saboda haka yana adalci. Ƙorafi daga ko'ina na iya nufin aikin ne bai da kyau, ko ɓangare ɗaya na da gaskiya ɗayan na kukan ƙarya.

A lura da ƙananan kalmomi irin su "duk," "wasu," "mafi yawa." Hujjar da ta ce "wasu" ba ta ɗaukar nauyin hukuncin da ya ce "duk."

Idan zato ake nema, juya zaɓin ka musanta shi. Zaton hujjar jaridar shi ne ɓangarorin biyu sun yi abin suka daidai wa daida. Ka ce ba haka ba ne, mai mulki ya fi yi, sai ka ga hukuncin ɓangaranci ya rushe nan take.