Yadda ake rubuta labarin bincike mai sanyi, da kyanwa da ƙamshin kek a cikinsa

A Ingila da Amurka akwai nau'in labarin binciken kisa da ake karantawa don a huta. Ana rasa rai a ciki, amma ba a nuna jini, babu batsa, babu ashar, kuma mai warware sirrin ba ɗan sanda ba ne. Agatha Christie ce ta share fagen da Miss Marple, tsohuwa mai saƙa a wani ƙauyen Ingila, wadda littafin farko mai ɗauke da labarinta ya fito a 1930. Amurkawa suka zo suka ƙara kyanwa da kayan gashi irin su kek da biskit: Lilian Jackson Braun ta fara jerin littattafanta masu kyanwa a 1966, Joanne Fluke kuma ta fito da mai shagon biskit a 2000, har da bayanin yadda ake haɗa kayan a tsakanin babi-babi. 'Yar uwa marubuciya, ga yadda za ki gina naki.

Da farko ki zaɓi wuri ƙarami, inda kowa ya san kowa: ƙauye, ko unguwa guda, ko gidan biki. Waɗanda za a zarga kada su wuce biyar ko shida, in ba haka ba mai karatu zai manta sunayensu.

Na biyu, ki ba jarumarki sana'ar da ke kai ta cikin gidajen mutane. Dalilin da ya sa marubutan Amurka ke son mai gashin kek ke nan, domin mutum yana sakin baki idan an ajiye masa abin taɓawa. A wurinmu ma abin ya fi zama daidai. Matar da ke yin cincin da dubulan da alkaki na gara tana shiga har uwar ɗaka, inda ɗan sanda sai dai ya tsaya a zaure ya yi sallama. Ta san wa ke bin wa bashi, ta san kishiyoyin da ba sa ga maciji. Amma ki ba ta dalilin shiga maganar mai ƙarfi. Ko an kama ƙaninta bisa kuskure, ko an ce a kek ɗinta aka sa gubar. Son jin gulma kaɗai ba zai sa mai hankali ta bi sawun mai kisa ba.

Na uku shi ne ƙashin bayan aikin: ki fara daga ƙarshe. Kafin babi na ɗaya, ki rubuta a takarda wa ya yi kisan, me ya sa, da yaya, da kuma kuskuren da ya tafka. Mamacin ya kasance wanda ya ɓata wa mutane da yawa, don kowa ya samu dalili, kuma mai karatu bai yi baƙin cikin da zai hana shi jin daɗin labarin ba. Sai ki rarraba alamu a cikin hira da hidimar yau da kullum, na gaske uku ko huɗu, da wasu na ɓatar da sawu. A 1929 wani limamin Katolika marubuci, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji goma na labarin bincike, kuma biyu daga ciki sun fi damuna da marubutanmu. Ɗaya, dole mai laifin ya bayyana tun farkon labari, ba baƙon da za a jawo a shafin ƙarshe ba. Ɗayar kuwa, ba a warware sirri da abin gaibu. Wato babu boka, babu aljani, babu mafarkin da zai nuna mata fuskarsa. Na san hannunmu ya saba da wannan hanya, amma a nan cin amanar mai karatu ne. Duk abin da jaruma ta gani, shi ma ya gani, ta riga shi fahimta ne kawai.

Na huɗu, kyanwa. Kada ki ajiye ta a kan tabarma don ado, ki sa ta aiki da halinta na gaskiya. Kyanwar da ke gudun baƙi amma ta zauna lafiya a daren da abin ya faru ta nuna cewa ɗan gida ne ya shigo. Gashinta a jikin mayafin matar da ta rantse ba ta taɓa shiga ɗakin ba hujja ce. Wasu marubutan suna sa kyanwar magana. Ni ban goyi bayan haka ba, yana rage wa jaruma daraja.

Haka shi ma aikin gashin kek da suya ya shiga cikin binciken. Kwaɓin da aka sa wa yis yana da lokacin tashi, kek yana da mintunan da yake ɗauka a wuta, mai suyar cincin ba ta iya barin mai a kan murhu ta fita. Wadda ta ce tana suya tun la'asar amma aka tarar da man ya huce, ta kama kanta. Idan za ki sa bayanin girki a ƙarshen babi, ki gwada shi a madafinki tukuna, domin masu karatu suna yi da gaske.

A ƙarshe, jaruma ta bayyana yadda ta gano, a miƙa mai laifi ga hukuma, a wanke wanda aka zarga. Kafin ki fitar da littafin, ki ba ƙawaye biyu su karanta, ki tsayar da su saura babi uku, ki tambaye su wa suke zargi. Idan duk sun canka daidai, ki ƙara alamun ɓatar da sawu. Idan kuma sun gama suka ce ba yadda za a yi mutum ya gane, ki koma babin farko ki ƙara fito da alama ɗaya fili.