Yadda Ake Fitar da Kwandalar Azurfa daga Robar Akirilik

Kafin a ɗauki zarto ko guduma, ya kamata mai kwandala ya duba irin rufin da ke hannunsa, domin ba duka ne ake yi wa aiki iri ɗaya ba. Mafi sauƙi shi ne ɗan kwanso mai murfi biyu, wanda ake saka farce ko bakin siririyar roba a mahaɗinsa, a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan ana zagayawa har ya buɗe, kuma a yi hakan a kan tawul mai laushi saboda kwandalar takan suɓuce.

Wani rufin kuwa na kamfanonin tantance daraja ne, irin su PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da ya biyo baya a 1987, waɗanda ke ba kwandala maki daga 1 zuwa 70 sannan su liƙe ta. Duk wanda ya fasa wannan rufi ya zubar da makin da kuma lamunin kamfanin, don haka a ganina bai kamata a taɓa shi ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Idan ya zama dole, a naɗe shi da tawul, a datse gefunansa da filaya nesa da kwandalar, sannan a raba shi biyu da hannu.

Aikin gaske yana wajen kwandalar da aka binne cikin dunƙulen akirilik, irin wanda ake danne takardu da shi a kan tebur, domin robar ta manne wa kowane layi na zanenta. Azurfa ƙarfe ne mai laushi, taurinsa wajen 2.5 ne a ma'aunin Mohs (ma'aunin taurin ma'adanai daga 1 zuwa 10), ko tsinin allura yana iya bar mata tabon da ba ya gyaruwa. Saboda haka a yi amfani da zarto wajen rage robar kawai: a sa tabarau na kariya, a ɗaure dunƙulen da kyau, a yanke gefuna huɗun, a bar kaurin kusan rabin santimita kewaye da kwandalar. Sauran aikin na sinadarin asiton ne, wanda ke narkar da akirilik amma ba ya cin azurfa. A nemi tsantsarsa, ba wanda ake goge jan farce da shi ba, saboda wancan yana ɗauke da mai da turare da ke barin dauɗa.

A saka guntun cikin kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe, a zuba asiton har ya shanye shi, a rufe, a ajiye a wuri mai iska nesa da wuta, domin sinadarin yana tafasa a digiri 56 na ma'aunin Celsius kacal kuma tururinsa na kamawa nan take. Da farko robar za ta yi fari ta tsattsage, daga baya ta koma kamar danƙo, ruwan kuma ya yi kauri ya daina aiki, sai a canza shi da sabo. Abin yana iya ɗaukar kwanaki, kuma a nan ne mutane ke ƙosawa su sa wuƙa, garin gyaran gira su rasa ido. Wasu sukan daskarar da dunƙulen a firiza su sa guduma, wasu su ƙona shi, amma bugun yana lotsa gefen kwandalar, zafin kuma yana ɓata launinta.

Idan ta fita, a riƙe ta ta gefe, a ɗauraye ta cikin sabon asiton sau biyu, a bar ta ta bushe da kanta ba tare da an goge ta da tsumma ba. Kada a zuba ragowar ruwan a magudana, domin robar takan daskare da ta haɗu da ruwa. Ya kamata kuma a sani cewa da yawa daga irin waɗannan kwandaloli an goge su sun yi ƙyalli kafin a binne su, abin da ke rage musu daraja wajen masu tarawa, ta yadda tsohuwar kwandalar dalar Morgan ta Amurka mai nauyin giram 26.73, wadda kashi 90 cikin ɗari nata azurfa ce, za ta iya tashi a kusan kuɗin azurfarta kawai. A adana ta cikin sabon kwanso wanda babu robar PVC a cikinsa, nesa da danshi da duk abin da ke ɗauke da farar wuta, domin ita ce ke sa azurfa baƙi.