Yadda Ake Gano Aikau na Gaskiya a Tambayoyin Nahawun Turanci

Duk ɗalibin da ya ɗan yi nisa a koyon Turanci ya san cewa aikau (mai yin aiki a jimla) idan tilo ne yana tafiya da aikatau (kalmar aiki) tilo, aikau jam'i kuma da aikatau jam'i, amma duk da haka ɗalibai suna yawan zubar da maki a wannan fanni ranar jarrabawa. Dalili shi ne masu tsara tambayoyi sun san an haddace ƙa'idar, don haka sai su ɓoye aikau a cikin doguwar jimla, su ajiye wani suna na daban dab da aikatau domin ido ya fara kama shi. Aikin mai shirin jarrabawa ke nan ya koyi tono aikau daga inda aka binne shi, kuma ga yadda ake yin hakan mataki bayan mataki.

Mataki na farko shi ne ka san inda daidaiton yake bayyana. A Hausa aikatau ba ya canza siffa saboda adadin mai aikin. Muna cewa yaro ya tafi, yarinya ta tafi, yara sun tafi, kalmar "tafi" tana nan yadda take, ƙaramar kalmar da ke gabanta ce take ɗaukar nauyin jinsi da adadi. A Turanci kuwa jikin aikatau ɗin ake taɓawa, kuma harafin "s" yana yin aiki biyu masu saɓa wa juna: a ƙarshen suna yana nuna jam'i, a ƙarshen aikatau yana nuna tilo. Shi ya sa ake cewa "The boy runs" amma "The boys run". Wannan canji yana faruwa ne a aikatau mai nuna lokacin yanzu, sai kuma a tagwayen nan: "is" da "are", "was" da "were", "has" da "have", "does" da "do". Kalmomi irin su "can", "must" da "will" ba sa canzawa ko kaɗan, haka ma shuɗaɗɗen lokaci na sauran aikatau, saboda haka kada ka ɓata lokaci a kansu.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi sauran duka muhimmanci, shi ne ka fara da aikatau, ka tambayi kanka wane ne ko mene ne yake yin wannan aiki, sannan ka soke da fensir duk abin da ya shiga tsakani. Ka ɗauki jimlar "The quality of the answers given by the candidates was poor". Kalmar da ke maƙwabtaka da aikatau ita ce "candidates", kafin ita kuma akwai "answers", dukansu jam'i, kuma kunne zai so ya ji "were". Amma idan ka soke yankin da ya fara da "of" da wanda ya fara da "given", abin da zai rage shi ne "The quality was poor", wanda babu mai yin kuskure a kansa. Sunan da ya biyo bayan "of", "in", "on", "with", "by" ko "between" a mafi yawan lokuta ba shi ne aikau ba, bayani ne kawai a kan aikau. Haka nan gangar, wato sashen jimlar, da ta fara da "who", "which" ko "that" tana da nata aikatau, kuma ana iya ɗage ta gefe baki ɗaya domin a ga ƙashin bayan jimlar.

A nan ne ake kama mutane da wani tarko da ya kamata ka sani sosai. Kalmar "and" tana haɗa tilo biyu su zama jam'i, amma "as well as", "along with", "together with" da "in addition to" ba sa yin haka, ko da yake ma'anarsu ta yi kama da ta "and". Saboda haka daidai ne a ce "The manager, as well as his assistants, is attending", domin aikau shi ne manajan kaɗai, mataimakan nasa rakiya suka yi. Ita ma "and" tana da togaciya: idan sunayen biyu suna nufin mutum ɗaya, kamar "The secretary and treasurer is here", aikatau tilo ne, alhali maimaita "the" a gaban suna na biyu yana nuna mutum biyu ne. Idan kuma "each" ko "every" ta zo a farko, kamar "Every boy and girl has a seat", tilo ake ba shi.

Mataki na uku ya shafi "or" da "nor", kuma gajere ne. Aikatau yana bin sunan da ya fi kusa da shi: "Neither the teacher nor the students were ready", amma idan aka juya, "Neither the students nor the teacher was ready". Wannan ne wurin da kusanci yake da hujja, shi ya sa bai kamata ka kai shi sauran wurare ba.

Bayan wannan sai wakilan suna marasa tantance adadi. Kalmomin "everyone", "everybody", "someone", "nobody", "each", "either" da "neither" duk tilo ne a rubutaccen Turanci na jarrabawa, ko da ma'anarsu ta ƙunshi mutane da yawa. Mai jin Hausa yana da sauƙi a nan, domin mu ma cewa muke yi kowa ya zo, ba ma cewa kowa sun zo. Su kuwa "some", "all", "most" da sulusi ko rabi ko kaso cikin ɗari, suna duba sunan da ya biyo bayan "of" ne, wato a nan ƙa'idar sokewa ba ta aiki: "Most of the water is clean", amma "Most of the wells are clean". Ka haddace bambancin "a number of", mai ɗaukar jam'i, da "the number of", mai ɗaukar tilo, domin masu tambaya suna ƙaunar su ƙwarai. Game da "none", masana nahawu sun yarda da tilo da jam'i duka, saboda haka idan ka ci karo da ita, ka duba sauran jimlar ko akwai wani wakilin suna da zai nuna adadin da ake nufi.

Mataki na gaba shi ne lura da jimlar da aka juya, inda aikatau ya riga aikau zuwa. A "There are three reasons for the delay" aikau shi ne "reasons", haka kuma a "On the wall hang two maps" taswirorin ne suke rataye, bangon wuri ne kawai. Dabarar ita ce ka mayar da jimlar tsarinta na asali a zuciyarka kafin ka zaɓi amsa.

Akwai kuma sunayen da siffarsu take yaudara, waɗanda ba su da magani sai hadda. "News", "mathematics", "physics" da "measles" suna ƙarewa da "s" amma tilo ne. "Police", "people" da "cattle" ba su da "s" amma jam'i ne. "Criteria" da "phenomena" jam'i ne da suka samo asali daga Girkanci, tilonsu "criterion" da "phenomenon". "Information", "advice", "furniture" da "equipment" ba a ƙirga su, saboda haka kullum aikatau tilo suke ɗauka. Adadin lokaci ko kuɗi ko nisa, idan dunƙule ake nufi, tilo ne: "Ten years is a long time". Sunayen taro irin su "team", "committee" da "government" sun bambanta tsakanin ƙasashe, domin a Ingila ana yawan ba su jam'i idan mutanen cikin ake nufi, a Amurka kuwa tilo aka fi amfani da shi. Idan tambayar ba ta nuna wata alama ba, tilo ne ya fi aminci.

Mafi wuyar tambayoyin ita ce mai "one of the". A "One of the students is absent" aikau shi ne "one". Amma a "She is one of the students who work hard", kalmar "who" tana komawa ga ɗaliban ne, don haka "work" ya zo a jam'i. Da zarar an ce "the only one of the students who", sai a koma "works", tun da yanzu mutum ɗaya aka ware.

Wajen bita, ka tanadi littafi na musamman, ka riƙa amsa tambayoyi ashirin a zama ɗaya, kana ja wa aikau layi ɗaya, aikatau layi biyu, kafin ka kalli zaɓuɓɓukan amsa. Duk tambayar da ka faɗi, ka rubuta jimlar tare da sunan tarkon da ya kama ka, ko yankin tsakiya ne, ko jimlar da aka juya, ko suna mai yaudara. Bayan mako biyu ka ƙirga tarkon da ya fi maimaituwa a littafin, ka ƙirƙiri jimloli goma naka na kanka a kansa, ka ba malami ko abokin karatu ya duba maka.