Kurakuran da Marubuta Littattafan Yara Suka Fi Yi Idan Sun Ziyarci Makarantar Firamare

Marubuta masu tasowa sun fara shiga makarantun firamare domin karanta wa yara abin da suka rubuta, musamman idan 23 ga Afrilu ta zagayo, wato ranar littafi ta duniya da UNESCO ta ware tun 1995, ko kuma 27 ga Mayu, ranar yara a Nijeriya. Wannan abin a yaba ne. Sai dai na gaji da ganin ana maimaita kurakurai iri ɗaya, marubuci ya tafi gida yana ganin ya yi aiki, alhali yaran ba su ƙaru da komai ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne tara makaranta kakaf a filin asambile. Hedmasta yana son ya karrama baƙo, sai ya sa a kaɗa ƙararrawa, a fito da yara tun daga aji ɗaya har aji shida, a jera su a rana, shi kuwa marubuci a ba shi kujera a inuwa tare da manyan baƙi. Daga nan sai jawabin maraba, sai tarihin marubuci, sai shi kansa ya karɓi lasifika ya shiga bayani a kan muhimmancin karatu da yadda al'ummar da ba ta karatu take komawa baya. Yaro ɗan shekara bakwai da ƙishirwa ta kama shi, me ya haɗa shi da wannan lacca? Kafin a buɗe littafin ma yara sun gaji, malamai suna zagayawa da tsumagiya suna tsawatarwa, wanda yake layin baya kuwa bai ga hoto ko ɗaya ba. Abin da yaron zai riƙe shi ne ranar da mai littafi ya zo an shanya su a rana. Ku daina yarda da wannan tsari, komai nauyin hedmasta da kuke ji.

Ni dai abin da nake yi shi ne in roƙi aji guda, in kuwa lokaci ya ba da dama in shiga na biyu bayan an dawo daga tara. Nakan nemi ganin malamin ajin ko malamar tun kafin ranar, in ba su littafin su duba, domin su ne suka san wanda ba ya ji sosai, da wanda ke jin kunya, da wanda zai hana kowa sakat. Idan na shiga ba na gabatar da kaina fiye da jimla biyu. Sai in ce "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa "Ta zo mu ji ta," kuma daga wannan amsa ajin ya zama nawa. Ina karantawa ina ɗaga littafin ina zagayawa da shi layi layi, ina tsayawa a inda labari ya ɗau zafi in tambaye su abin da suke zaton zai faru. Minti ashirin ya isa ga 'yan ƙananan azuzuwa, sauran lokacin na tambayoyinsu ne.

Akwai kuma masu miƙa wa yaro littafi su ce ya tashi ya karanta a gaban 'yan'uwansa. Wanda ya san makarantun gwamnati a Arewa ya san cewa yara da yawa suna kaiwa aji uku ba su iya haɗa baƙi ba, kuma saboda wannan matsala ce aka kawo shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa, irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara. Idan ka tsayar da irin wannan yaro ya yi ta in'ina ana yi masa dariya, ka sa masa ƙin littafi da hannunka. A bari sai wanda ya ɗaga hannu da kansa. Haka nan wanda littafinsa na Turanci ne, ya karanta ya kuma fassara, kada ya ɗauka shirun yara fahimta ce.

Sai maganar kyautar littattafai, wadda ta taɓa jawo mini asarar da har yau nake jin zafinta. Na buga littafi da kuɗin aljihuna, a lokacin da takarda ta yi tsada, na kai kwali guda wata makaranta, aka karɓa da godiya da addu'a, aka ɗauki hoto. Da na koma bayan an shiga sabon zango, sai na tarar da kwalin a sito yadda na kawo shi, ko buɗe shi ba a yi ba, damina ta jiƙa gindinsa, gara ta cinye na ƙasa. Da na tambaya, aka ce ana tsoron kada yara su yaga. To, littafin yara da ba a yarda yara su taɓa ba, wa aka rubuta wa? Ba na ɗora laifin duka a kan malamai, domin kayan da aka rubuta a rajistar makaranta idan suka lalace su ake tuhuma. Amma marubucin da ya ajiye kwali a ofis ya juya ya tafi, ya sani bai ba yara komai ba. Yanzu a cikin aji nake raba littattafai, a gaban malami, in rubuta sunan ajin a bangon kowane kwafi, in sa monita ya riƙa lura da masu ara, in kuma faɗa a fili cewa littafin da ya tsufa a hannun yara bai lalace ba. Kwafi goma a aji ɗaya sun fi ɗari a sito.

Wasu kuma sukan faɗa makaranta ba sallama. Makarantar gwamnati tana ƙarƙashin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, kuma hedmasta mai kiyaye aikinsa zai nemi takarda kafin ya bar baƙo ya shiga aji. A rubuta wasiƙa da wuri, a kuma duba kalandar makaranta, domin watan Afrilu yakan faɗo a lokacin jarrabawa ko hutu. Ranar Juma'a ana tashi da wuri, a watan azumi kuwa da safe ya kamata a je.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata ziyara. Kada a raba biskit ko alewa kafin karatu. Kada a zo da 'yan rakiya da za su cika aji suna hira. Kada a tallata wa yara littafi su koma gida suna matsa wa iyaye, maganar ciniki da hukumar makaranta ake yin ta. Hotunan fuskokin yara kuma ba a ɗora su a Facebook sai da izinin makaranta da na iyaye, ko da kowa yana yi. Wanda ya yi wa yara alkawarin dawowa, ya sa rana tare da malaminsu kafin ya fita daga ajin, domin za su riƙa tambayar malamin kullum.